Kwaɗon da Na Sa wa Tankin Mai

Da maigidana ya rasu, abin da ya bar mana shi ne gidanmu na Badarawa da wata tsohuwar a-kori-kura fara, sai kuma direbanta. Dattijo ne mutumin Zamfara, marar yawan magana, wanda ya fara tuƙa motar tun ina goyon fari. Baba muke ce masa. Kullum da safe yakan ɗauki kwandunan tumatir da attaruhu daga Kawo ya rarraba wa 'yan kasuwa, da abin da ya kawo muke ci.

Shekarar da fetur ya yi tashin gwauron zabo sai na ga kamar motar ta koyi haɗama. Na yi wa ƙanena ƙorafi, shi kuwa bai taɓa rasa amsa ba. Ya ce, "Yaya, ke kaɗai ce ba ki sani ba. Direbobi da tiyo suke yawo, su zuƙe mai su sayar wa 'yan bumburutu." Ni kuma mace ce mai saurin hawa, na yarda. Washegari na sa aka kai motar wajen wani mai walda a Abakpa, ya cire murfin tankin na asali, ya ƙera wani na ƙarfe mai roba a ciki, ya liƙe tsam, aka maƙala masa kwaɗo. Makullin na ɗaure a bakin zanena. Duk safiya ni ke bin Baba gidan mai in buɗe, a zuba, in rufe. Ranar farko ya dubi kwaɗon, ya dube ni, ya tayar da mota.

Kwana biyu da haka motar ta fara wani hali. Za ta tashi lafiya lau, ta yi tafiya mai ɗan nisa, sai ta fara shaƙewa tana fizga, ta mutu a tsakiyar titi. In ta huta kamar rabin awa sai ta tashi, kamar ba ita ba. Baba ya kai ta gareji, aka canza matatar mai. Ba ta daina ba. Aka wanke kafireta, aka canza famfon mai, duk a banza. Tumatir ya riƙa narkewa a rana, 'yan kasuwa suka fara neman wata mota. Ni kuwa na riga na yanke hukunci a raina: tsoho ya ji haushin kwaɗo, ya haɗa baki da bakanike suna gasa min aya a hannu. Na ce ranar Asabar da ni za a je, in na kama su ya ajiye min makullin motata.

Bakaniken wani siriri ne mai furfura a gemu, garejinsa na bayan tashar Kawo. Ya gaishe ni, ya ce wa Baba ya bar ta a kunne, yana ba ta wuta. Muna tsaye har ta soma fizgarta ta mutu. Ya cire tiyon da ke shiga kafireta, ya ce a murza makulli. Mai ya ɗiga sau biyu ya tsaya. Ya taɓa famfon, ya ce wannan sabo ne, lafiyarsa ƙalau. Sai ya kwanta ya shige ƙarƙashin motar.

"Hajiya," ya ce daga can ƙasa, "ki daure ki leƙo."

Na tattare mayafina na durƙusa. Cikin tankin ya lotsa ciki, kamar galan ɗin da aka taka. Na ce a ina aka buga ta aka ɓoye min.

Ya fito yana karkaɗe riga. "Ba a buga ta ba. Wa ke da makullin kwaɗon nan? Sau biyu ana kawo min ita ba shi."

Na kwance bakin zane na miƙa masa. Yana ɗaga murfin sai tankin ya ja iska da wani dogon huci, ƙarfen ya yi ƙara yana komawa. Ya ce Baba ya murza. Bugu ɗaya ta tashi.

"Murfinta na asali yana da 'yar ƙofar iska," in ji shi. "Mai na fita, iska na shiga. Wannan kuwa an toshe ko'ina. Famfo na ja, tanki ya riƙe. Ko ke, Hajiya, ki kafa baki a kwalba ki yi ta zuƙa ba ki saki ba, ki gani. Wane gwani ne ya ba da wannan shawara?"

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Wata guda ina kwana da tashi da zargin mutum, ashe ɓarnar tana ɗaure a ƙuguna.

Bakanike ya huda murfin da ƙaramin ƙusa. A hanyar gida na kasa haƙuri, na ce, "Baba, kai ba ka gane ba duk tsawon nan?"

Idonsa na kan titi ya ce, "Tun kwana na uku na yi zato, Hajiya."

Na kusa tashi daga kujerar. "Shi ne ka yi shiru?"

"In na ce ki cire kwaɗon, ko ki ba ni makullinsa, me za ki ce a ranki?"

Na sani sarai abin da zan ce.

Da muka iso Badarawa ya ajiye motar a inda ya saba, ƙarƙashin dalbejiya. Na miƙa masa makullin kwaɗon da hannu biyu, na ce ya yafe min. Ya ce ya yafe duniya da lahira. Sannan ya haɗa shi da makullin motar, ya mayar min a tafin hannu.

"Na jira ne ki gani da idonki," ya ce. "Ban so in koma gida da sunan ɓarawo ba."