Ruwan da Ba Ya Tafiya

Barau ba ya alwala a kan siminti. Ko a shagon da yake ɗinkin tantuna a unguwar Al-Sih ta Madina, in lokacin salla ya yi, sai ya ɗauki butarsa ya tsallaka titi zuwa gindin wata 'yar bishiya, ya tsuguna can, don abin da ya zubo daga hannunsa ya samu mai sha. Abokan aiki sun yi masa dariya har sun gaji. Mutumin Abalak ne, can ƙasar Nijar, inda yaro ke tashi yana kallon tabki yana ja da baya kullum kamar mai jin kunya.

In sanyi ya shigo Madina aka kuma samu ruwan sama, mutanen gari kan fita su kwana a gindin duwatsu. Barau ne maigidansa ke aikawa ya kafa wa masu haya tanti, in sun tashi ya koma ya kwance. A wannan yawon ya san wani lungu da ba kowa ya sani ba: kwari tsakanin tsaunuka, da 'yan itatuwan ƙaya, da kududdufi cikin kwarmin dutse, mai riƙe ruwa har zafi ya kama. Nan wani tsohon Balarabe makiyayi, Abu Nayif, yake shayar da awakinsa. Barau ya taɓa ɗinke masa tantinsa na gashi da ya yage. Tun daga ranar, duk zuwansa sai an shimfiɗa masa an zuba masa gahwa. Mutumin da ya yi shekaru ana kiransa da "kai, zo nan" ya san abin da wannan ke nufi.

Labarin wurin ya kai kunnen Fatna, yayar matarsa, Bahaushiyar Sudan da ke zaune a unguwar Harra ta Yamma.

"Kullum kana kafa wa Larabawa," in ji ta. "Mu ba mu da bayan kwanciya a kan yashi ne?"

Ta matsa har ya je ya roƙi tsohon. Abu Nayif ya ce ƙasa ta Allah ce, su zo. Ruwan ne dai na dabbobi: a ɗiba da guga, kada a sa kome a ciki. Barau ya dafa wuyansa ya ce ya ɗauka.

Ranar tafiya, kafin a tada motoci, ya faɗa wa kowa sharaɗin tsohon, ya sake faɗa.

Fatna ta gyara mayafi. "Barau, mu da aka haifa a bakin Nilu za ka koya wa ruwa?"

Aka isa, aka kafa tantuna, aka yanka rago. Wata mota daga cikin ayarin ta ɓace hanya, dole Barau ya koma bakin kwalta ya jawo ta. Da ya dawo, tun daga nesa ya jiyo waƙa. Fatna ce zaune a bakin kududdufin, ƙafafunta cikin ruwa har ƙwauri, tana wanke hanjin rago tana juye dattin a gabanta, kamar yadda uwarta ke yi a garinsu Mai Wurno, bakin Nilu. Tukwane na gefe cikin kumfa. Ɗanta Haisam, magidanci da gemunsa, ya kawo motarsa dab da baki yana sheƙa mata ruwa, baƙin ruwan yana gangarowa inda ya fito.

Barau, wanda ba a taɓa jin muryarsa daga ɗaki zuwa ɗaki ba, ya kwarara ihu har tsaunin ya amsa.

"Yaya Fatna! Me na ce muku?"

"Kai, ka firgita ni! Ruwa ne fa, zai tafi da shi."

"Ya tafi ina? Dube shi! Kin ga yana tafiya? Nilu kika gani a nan?"

Ta duba. Kitse ya kwanta a saman ruwan, bai motsa ko nan da can ba. Ta ga haka sarai, amma idon mata da yara na kanta.

"To, sai me? A kan abin shan awaki za ka yi mini tsawa a gaban jikokina?"

Haisam ya ajiye guga ya ce, "Ma'alesh, ya Ammu," ya ci gaba da wani dogon bayani cikin Larabci.

"Da Hausa na gaya maka, kuma ka ji," in ji Barau. "Kada ka ba ni haƙuri da bakin da ban yi maka kashedi da shi ba."

Bayan la'asar Abu Nayif ya gangaro da garkensa. Awakin suka rugo, suka sunkuya, suka shinshina, suka ɗaga kai suna kuka. Barau ya yi maza ya zuba gahwa ya miƙa masa da hannu biyu. Tsohon ya karɓa. Ya dubi ruwan, ya dubi Barau, ya sunkuya ya ajiye finjalin a ƙasa, cike yadda aka ba shi. Ya kaɗa awakinsa ya haura. Da zaginsa ya yi, da Barau ya fi samun barci.

Ruwan da ke cikin dutse ba ya tsotsewa, ba ya gudu. Ruɓa yake yi a inda yake. Barau ya zagaya kwarmin ya ga hanya ɗaya ce: ta ƙasa akwai wani ƙaton dutse da ya toshe baki. In aka kawar da shi ƙazantar za ta fice, ruwan sama na gaba ya tarar da wuri mai tsabta. Duk Juma'a in an sauko daga masallaci sai ya nemi mai kai shi, da guga da shebur da ƙarfen ɓamɓara. Ya kwashe kitsen sama, ya haƙa 'yar magudana, ya yi ta raraka gindin dutsen. Dutsen kuwa ba na mutum ɗaya ba ne.

Haisam ya same shi a shago, ya ce zai zo da abokansa da igiya, su ja da mota, aikin rabin yini. Wannan karon da Hausarsa mai tsami ya faɗa.

Barau bai ɗaga kai daga keken ɗinki ba. "Kai da uwarka ku fara zuwa ku gaida tsohon. Sannan a yi maganar igiya."

Da saƙon ya isa Harra, Fatna ta ce ita da ta rabu da kogi tun tana amarya, rana ɗaya ta sa ƙafa a ruwa aka tozarta ta. Yanzu kuma ta je ta durƙusa? Barau ya jira. Ita ma ta jira. Masu shiga tsakani suka yi ta sintiri har takalmansu suka san hanya. Akwai masu cewa da ya karɓi igiyar, da awaki sun sha ruwa a bana. Akwai masu cewa ba awaki ne suka ajiye finjali ba.

Wata Juma'a Barau ya iske inda tantin gashin Abu Nayif yake babu kome sai duwatsun murhu. Duk da haka ya tuɓe riga ya shiga ramin.

Da zafi ya shigo, maigidansa ya rufe shagon, ba a sabunta wa Barau iƙama, takardar zama a ƙasar, ba, ya koma Abalak. Masu kiwo da ke bi ta kwarin sun ce magudanar tana nan, ta zo har gindin dutsen ta tsaya, ƙarfen kuma yana soke a ƙarƙashinsa, an tokare shi da wani ɗan dutse, saura a danna.