Rezar Yayana da Ƙwayar Atishawa

Yayana mai aski ne, kuma tun ina 'yar firamare shagonsa ɗaya: kujera mai juyawa, madubin da gefensa ya fara baƙi, da bencin masu jiran layi. Mutanen unguwa Hannun Auduga suke ce masa, don bai taɓa yankar kowa ba. Shagon ɗinkina manne yake da nasa, katako ne kawai tsakaninmu, ko tari ya yi ina ji.

Ba mota, ba gidan kansa, hannun nan shi ne duk abin taƙamarsa. Samarin masu aski sun koma wa kilifa, wato injin aski, shi kuwa gyaran gemu da ƙeya sai da reza. Dattawa kan tsallake shaguna da yawa su zo su miƙa masa wuya su rufe ido. Babbansu abokinsa ne tun ƙuruciya, Mai Agogo, da ke gyaran agogo a bakin kasuwa. Shi har minshari yake yi a kujerar.

Da girma ya fara kama Yaya sai atishawa ta sa shi gaba. Hancinsa ya daina shiri da hodar da yake shafa wa mutane da ƙurar gashi. Ido ya yi ja yana ƙaiƙayi, hanci yana yoyo. Amma ya iya da ita. Da ya ji tana tahowa sai ya ɗaga rezar sama, ya ja da baya, ya juya ya yi abarsa, ya wanke hannu ya dawo. Mutane dariya kawai suke yi. Shi ne abin ya tsaya wa a rai, wai ana masa kallon mai mura.

Sai ya je kemis aka ba shi wasu ƙananan ƙwayoyi. Da ya dawo, da bakinsa ya ba ni labari yana dariya. Wai mai kemis ta ce, "Baba, wannan yana sa barci. In ka sha kada ka yi tuƙi, kuma kada ka wuce yadda na faɗa maka." Shi kuma ya ce mata, "'Yata, ko keke ba ni da shi." A ganinsa gargaɗin na direbobi ne, shi da yake aikinsa a tsaye wuri guda me ya shafe shi? Ita ba ta tambayi sana'arsa ba, shi kuma bai faɗa ba.

Maganin dai ya yi aiki, atishawa ta ɗauke. Amma bakinsa ya riƙa bushewa, ga hamma ba ƙaƙƙautawa, ina jiyo ta ta cikin katako. Na leƙa na ce, "Yaya, idon nan naka fa kamar na wanda ya kwana a tasha. Ka ajiye rezar nan tukuna."

"Ke dai ki ji da kekenki," in ji shi. Ya aika aka kawo masa shayi mai kauri, wai shi zai kore barcin. Yaya akwai taurin kai, duk gidanmu babu na biyunsa.

Wata safiya jama'a suka yi yawa, gashi ya taru a ƙasa, hancinsa ya soma motsi. Sai ya ƙara wata ƙwayar a kan wadda ya sha. Da hantsi Mai Agogo ya hau kujera, aka shafa masa kumfa, ya rufe ido kamar kullum. Ina ɗinki na ji shagon ya yi tsit, sai kuma na ji salati.

Na tarar da jini yana bin farin tawul, rezar ta yanki Mai Agogo daga ƙarƙashin kunne zuwa haɓa. Yaya yana tsaye da reza a hannu yana kallon ta. Ni na danne wurin, ni da maƙwabta muka kai Mai Agogo asibiti aka yi masa ɗinki. Allah ya tsare, bai kai jijiya ba.

Da na dawo na samu Yaya zaune a bencin masu jira. Ya ce, "Ita atishawa tana gaya mini tana zuwa. Wannan barcin ban ji zuwansa ba." Na zo da faɗa cike da bakina, amma tausayinsa ya hana ni.

Na ja shi muka koma kemis, wannan karon ni na yi bayani. Matar ta dafe kai. Ta canza masa wani irin da bai cika sa barci ba, ta ce duk da haka ya fara gwada shi ranar da ba ya aiki, kada ya ninka, kada ya haɗa da maganin tari sai ya tambaya. Ya sauya hoda, ya fara sa takunkumi. Yanzu lafiyarsa lau, hannunsa ma ya dawo daidai.

Mai Agogo ya yafe tun a asibiti, kuma da gaske yake. Har yau yana zuwa da yamma, ya zauna a benci, su yi hira su tsokani juna. Sai dai kullum da gemunsa a gyare yake zuwa, ƙeya tas, aikin kilifa. Yaya yakan kalla sau ɗaya ya kau da kai. Bai taɓa tambayarsa wa ya yi masa ba.