Baƙon da Ke Haihuwa a Ɗakin Mutane

A karar shanun Illela, ba a daɗe da samun mulkin kai ba, wani dattijon Bafillace na tsaye gaban teburin Almu, malamin dabbobi. Dogo ne siriri, malafarsa ta sha rana, sanda a kafaɗa. Shanunsa sai ɓarin ciki suke yi, amma ko muryarsa bai ɗaga ba. Almu na raya wa ransa cewa wannan mutumin bai taɓa kwana ƙarƙashin rufin wani ba.

Dattijon ya cire malafa, ya sunkuya kan madubin likita na duba ƙwayoyin cuta da ke teburin, kamar mai leƙa rijiya.

"Mi ke nan, Malam?"

"Ƙwayar cutar ce, Baffa. Takan shige cikin ƙwayar naman saniya ta ɓuya, kamar a ɗaki. Sai ta rabe biyu, biyun su ma su rabe, har ɗakin ya fashe."

Dattijon ya ɗago a hankali. "Ashe baƙo ne marar kunya. Mai gida kuwa ba ya iya ce mishi tashi."

Almu ya ƙaƙalo tari. Shi ma kwana biyu ya ce zai yi a gidan kawunsa, tun Bature na nan. Yanzu ga mata, ga yara, ga goyo. Jiya ma Kawu ya naɗe tabarmarsa ya koma zaure, ya bar musu ɗakinsa.