Gishirin da Na Faɗa wa Maigida

Shekara ashirin maigidana yana niƙa a unguwar Nima. Injinsa, nikanika kamar yadda ake ce masa a nan, tsoho ne mai shan dizal, kuma shi ya ci kunnuwansa. Duk wanda zai yi masa magana a waya, ni ke saurara in faɗa masa da ƙarfi a kunnen dama.

Bara injin ya fara kuka. Idan aka juye mansa a kwano, sai ka ga ƙurar ƙarfe tana ƙyalli a ƙasa. Fita, wato makanike, ya duba ya ce ƙarfe ne ke cin ƙarfe, a lallaɓa shi kawai. Ba mu da wani abin dogaro bayan Allah sai wannan injin.

'Yarmu ta fari tana karatun sinadarai a Kumasi. Wata Juma'a ta kira, na ba ta labari. Ta ce, "Mma, ai a kan wannan nake aiki. Akwai wani irin gishiri da ba ya daskarewa, ruwa-ruwa yake kamar mai. Ana ɗiga kaɗan a man inji, sai ya kwanta a fuskar ƙarfe ya rage gogayya."

Maigida ya ce, "Me likitar inji take cewa?"

Wayar tana yankewa, tukunya tana tafasa a kan wuta. Na sunkuya na ce, "Ta ce ruwan gishiri yana hana ƙarfe cinyewa."

Ita gishiri mai ruwa-ruwa ta ce. Ni na ce ruwan gishiri. Na yi sakandare, na ga yadda iskar teku ke cinye kwanon rufinmu, amma ban tsaya na yi tunani ba.

Ya yi dariya ya ce, "To, mun tura yarinya Kumasi ta gano abin da ke kicin ɗinki." Na ɗauka wasa ne. Ashe washegari ya jiƙa gishirina a gwangwani, ya yi bismillah, ya zuba a man injin. Bai yi shawara da fita ba. Maganar 'yarsa ce, kuma daga bakina ta fito.

Bai ji lokacin da kukan injin ya canza ba. Wata mai dokunu, tuwon masarar da ake sayarwa a nan, da ta kawo masara ita ta taɓa kafaɗarsa ta nuna masa hayaƙi. Kafin ya kashe, injin ya buga. Man da aka juye ya yi fari kamar koko. Fita ya buɗe, ya rufe, ya wanke hannunsa, ya ce, "Baba, sai haƙuri."

Har yau bai ce min komai ba. Da ya yi faɗa da na samu sauƙi. Bayan asuba yana buɗe shagon, ya share, ya zauna a benci, mata suna wucewa da kwanonin masara a ka zuwa wani injin a unguwar Maamobi. Yana gaishe su da ƙarfi, kamar injin na tashe.

Na roƙi Allah gafara, ban san ta yaya zan roƙi maigida ba. Jiya yarinyar ta kira, ta ce malaminta ya yarda ta kawo ɗan gishirin nan kaɗan a kwalba idan an yi hutu, a gwada.

Maigida ya ce, "Me take cewa?"

Na ce, "Tana gaishe ka."