Ƙoƙon da Inna Ta Ba Ni Ajiya

Bazarar nan ta cika shekara talatin da ɗaya da muka binne mahaifiyata a Karshi. Duk shekara idan lokacin ya zagayo nakan tara 'ya'ya da jikoki a yi mata addu'a, a dafa abinci a raba, in zauna in ba su labarin kirkinta. Labari ɗaya ne ban taɓa ba su ba, don ni ce ba ni da kyan gani a cikinsa. Bana ya ƙi ɓoyuwa. Jikata ce ta tono shi ba da saninta ba, a kicin ɗina na Kubwa.

Inna Bafulatana ce, a ruga aka haife ta. Da ta auri mahaifinmu ta shigo gari da shanu biyu da wani ɗan ƙoƙo da uwarta ta damƙa mata. Abin da ke cikin ƙoƙon nan shi ne iri. Wanda bai tashi a gidan nono ba sai an yi masa bayani: idan aka dafa madara ta huce, ana zuba mata ludayi guda na kindirmon jiya a rufe, kafin gari ya waye ta yi kauri. Wannan ragowar ta jiya ita ce iri. Kullum da safe, kafin Inna ta ɗauki ƙwarya zuwa kasuwa, kafin ma ta ba mu na kari, sai ta fara ɗebe na gobe ta ajiye. Na jiya ya haifi na yau, na yau ya haifi na gobe, haka abin ke tafiya tun daga hannun kakata. Mata sukan ari iri wurin juna idan nasu ya lalace. Inna ta sha ba da aro, su haɗa da nasu ya ɓace a ciki, amma ita ba ta taɓa ara ba.

Danginta sun daɗe da kora shanunsu zuwa Binuwai, a can kakata ta rasu. Sai bayan wata uku labarin ya iso. Babu hoto, babu kabarin da za a ziyarta. Abin da ya rage wa Inna na uwarta shi ne abin da ke cikin ƙoƙon nan, kuma na san haka sarai. Ina so a riƙe wannan kafin in ci gaba, don kada wani ya yi mini uzurin jahilci.

A lokacin ba wanda ya taɓa mafarkin babban birni zai sauka a wannan ƙasa tamu. Abujar da muka sani ita ce garin da yanzu ake kira Suleja. Kubwa da nake zaune yau gonakin doya ne da 'yan bukkoki. Ni kuwa ni ce 'ya mace ta farko a unguwarmu da ta gama kwalejin horar da malamai, na dawo gida ina koyarwa kaina ya fi kwandon kasuwa girma. Darasin kiwon lafiya na fi so. Ina zana ƙwayoyin cuta a allo da alli, masu ƙafafu da haƙora, yara suna zare ido. Mijina malamin gona ne, shi ya sayo mana tsohon firji mai aiki da kananzir wurin wani Bature da zai koma ƙasarsu. Babu wutar lantarki a garin. 'Yar fitila ake kunna masa a ƙasa, sanyi ya fito a sama, mutane suna zuwa kallon yadda wuta ke haifar da sanyi. Ni ma ban gane yadda abin yake ba, amma ban taɓa bari a lura ba.

Da lokacin mangwaro ya zo na gano wani abu. Idan na matse nunannen mangwaro na gauraya shi da kindirmon Inna da ɗan zuma, na zuba a farantin ƙanƙara mai gida goma sha biyu, washegari sai ga abin da ba a taɓa ci a Karshi ba. Ban tsaya ko'ina ba sai da na rubuta wa Asabe wasiƙa. Asabe ƙawata ce tun kwaleji, an tura ta Kaduna, kuma ba ta gajiya da yi mini tsiyar an jefa ni daji. Na cika mata baki iya cikawa. Na ce ta zo hutu ta ga ko a Kadunarsu akwai irinsa.

Ana fara hutun makaranta aka yi rasuwa a dangin mahaifinmu a Keffi, Inna za ta je ta zauna har addu'ar bakwai. Ranar tafiya da sassafe ta shigo gidana da ƙoƙon, an rufe shi da faifai, ta riƙe da hannu biyu.

"Binta, zafin nan ba zai bar shi ya kwana bakwai ba," in ji ta. "Ki sa mini shi a akwatin sanyinki. Kada ki taɓa, kada ki bari a taɓa."

Wannan ne karo na farko da Inna ta nemi wani abu daga bokona. Matar da ke kewaye firjin nan kamar mai kewaye rijiya, yau ga ta ta kawo masa ajiya. Na karɓa ina jin daɗi, na ce ta tafi hankali kwance.

Rana ta shida sai ga Asabe ta sauko daga mota da ƙanwar mijinta, ba sanarwa. Ko ruwa ba ta gama sha ba ta ce, "To malamar daji, ina ƙanƙarar da kika cika mana kunne da ita?"

Ranar ba ta kasuwa ba ce, Inna ba ta nan, babu ɗigon nono a gidan. Da na ce babu, da an yi mini dariya ta yini ɗaya an wuce wurin. Wannan dariyar ce na kasa ɗauka. Na buɗe firji na tsaya ina kallon ƙoƙon. Na ce wa kaina ai nono nono ne, Inna ta ara wurin maƙwabta kamar kowa. Na juye shi duka, don kaɗan ba zai cika farantin ba. Na wanke ƙoƙon da sabulu tas, irin wankin da nake koya wa yara, na kife shi a rana.

Washegari da la'asar muna zaune a inuwa, mu uku, mun cinye goma sha ɗaya. Asabe tana lashe yatsu tana rantsuwa ko a kantin Turawa ba ta ci irinsa ba. Ina cikin shan yabo sai ga sallamar Inna. Daga tasha take, ƙullin kayanta a ka, ko gida ba ta leƙa ba. Ta gaisa da baƙi yadda ya kamata, ta tambayi mutanen Kaduna. Sannan idonta ya sauka kan ƙoƙon da ke kife. Ta ɗaga shi, ta sansana, ta dubi farantin da ke gabanmu. Ba sai an gaya mata komai ba.

Ba ta yi faɗa ba. Da ta yi, da yau na fi samun sauƙi. Sai ta nuna gida na goma sha biyu, inda guda ɗaya ya rage ya fara zufa.

"Ba ni wannan," in ji ta a hankali. "In narka shi a madara mai ɗumi, ko Allah zai sa ya kama."

Asabe ta rufe baki tana murmushi. Murmushin nan na gani, ban ga fuskar uwata ba. Na gyara zama na ɗauko muryar aji.

"Haba Inna, ai ƙanƙara kashe komai take yi. Duk wani abu mai rai da ke ciki ya mutu tun jiya. Mun karanta wannan."

Ba mu karanta ba. Babu littafin da ya faɗa mini haka, a wurin na ƙirƙira shi don kada baƙi su ga tsohuwa ta tafi da ƙanƙara a ƙoƙo za ta yi abin ƙauye. Kuma don in rufe maganar na ɓamɓaro gudan na miƙa wa Asabe, na ce ta shanye kafin ya narke. Ta shanye.

Inna ta dube ni jim kaɗan, ta ce, "To, ke kika yi karatu." Ta ɗauki ƙoƙonta ta tafi.

Da safe ta taka har wata ruga ta bayan rafi ta aro iri, karo na farko a rayuwarta. Kindirmo ya yi kauri, an ci gaba da kai shi kasuwa. Amma akwai wata manomiya 'yar Gbagyi da ta shekara ashirin tana saye wurinta. Ina tsaye a gefe ta kurɓa ta ajiye ludayi ta ce da gurguwar Hausarta, "Inna, nono naka ya canza. Kai ba shi da lafiya ne?" Inna ta ce lafiyarta lau, ciyawa ce ta canza. Ta rufa mini asiri a tsakiyar kasuwa, kuma har ta koma ga Mahaliccinta ba ta sake tayar da zancen ba. Mun yi shekara ashirin da wani abu tare bayan haka. Ta yi mini wankan jego sau biyar, na kai ta Makka, na yi jinyarta. Kowa ya shaida ni 'ya ce ta gari. Amma kalmar nan ɗaya, Inna ki yafe mini, ban taɓa furta ta ba. Nakan lallashi kaina cewa laifina ɗaya ne, na cinye ajiya. Gudan ƙarshe kuwa ko na ba ta ba abin da zai yi, ai ya mutu. Na maimaita ƙaryata har na yarda da ita.

Hutun nan jikata Husna ta zo wurina. Tana karatun kimiyyar abinci a jami'a, kuma ta hana ƙannenta shan kayan zaƙin leda na bakin titi, ta ce ita za ta yi musu na gida. Tana haɗa yogot ɗinta da kanta, ta markaɗa mangwaro da ayaba, ta zuba a 'yan robobi masu tsinke ta sa a firiza. Tana yi tana wa'azin ƙwayoyi masu rai da ke gyara ciki. Na yi ta mata tsiya ina cewa kakar uwarta ta yi wannan sana'a shekara hamsin ba ta sa farar riga ba. Wata rana yara suka shanye yogot ɗin kaf, ba su bar mata na haɗin gobe ba. Na zuba ido in ga za ta aiki wani kanti. Sai ta buɗe firiza ta ciro guda ɗaya cikin 'yan robobin nan, ta bar shi ya narke, ta zuba a madara mai ɗumi ta rufe da tawul.

Na ce, "Me kike yi haka? Ai ya mutu."

Ta yi dariya. "Haba Kaka, freezing, daskarewar nan, ba ya kashe ƙwayoyin duka, barci kawai suke yi. Suna jin ɗumi za su tashi. Gobe za ki gani."

Na gani. Da safe ta buɗe tawul, madara ta yi kauri har cokali yana tsayawa. Na koma ɗaki na rufe ƙofa na yi kukan da ban yi ba ranar jana'iza. Matar da ba ta san bihim ba ta yi gaskiya, ni mai takarda na yi ƙarya. Irin kakata yana nan da ransa a gida na goma sha biyu, yana jira a narka shi, uwata ta miƙo hannu ta roƙa, ni kuma na ba baƙuwa ta lashe don a ce na waye. Ko sunan ƙanwar mijin Asabe ba na tunawa yanzu. Ita kanta Asabe ba mu ƙara haɗuwa ba fiye da sau uku.

Nakan tambayi kaina me Inna za ta ce da ta ga yau. Ba za ta gane Karshi ba, gidaje sun cinye makiyayar da take kai shanunta. Za ta yi mamakin ganin manyan mata suna tsayawa a kanti suna karanta jikin roba don su tabbata akwai rai a cikin nono, abin da ita take ganewa da hanci. Za ta so Husna, na tabbata, za su zauna su yi ta musu kan ɗumin madara. Ni kuwa ban san da wane ido zan dube ta ba. Na san dai ba za ta ce na gaya miki ba, ba halinta ba ne. Wataƙila ta sake cewa ni na yi karatu, kuma wannan ya fi zagi ciwo.

Ranar addu'ar bana, bayan an shafa, na ba su labarin nan daga farko har ƙarshe, ban rage komai ba. Na ga yadda 'ya'yana suka sunkuyar da kai don kunyar da ni ya kamata in ji. Husna ta ce tana son ƙoƙon. Yana nan a akwatina, a bushe, shi kaɗai na ɗauka cikin kayan Inna ranar rabo. Na ba ta. Yanzu kullum da safe tana ɗebe na gobe a ciki kafin kowa ya taɓa, kamar an gaya mata yadda ake yi. Hannun ya gado, haƙurin ma ina fata ya gado. Irin ne kawai ya tsaya a kaina.

Jiya ƙaramin jikana ya buɗe firiza ya tarar saura guda ɗaya cikin ƙanƙarar Husna. Har ya kai hannu na daka masa tsawa, na ce kada ya taɓa. Yaro ya tsaya yana kallona, bai san me ya yi ba. Na san na kanti ne asalinsa, ana samun irinsa a kowane lungu na Kubwa. Amma yana nan a firiza har yanzu, kuma mai roƙonsa ta shekara talatin da ɗaya a ƙasa. Allah Ya jiƙan Inna, Ya isar mata da abin da na kasa faɗa.