Yaya Ladi, Wadda Ta Ara Mini Baki a Baitanya

Da hantsin ranar Talata, goma sha huɗu ga Maris, 1978, maigidanki Malam Dikko ya bugo mini waya daga asibiti ya ce, "Saratu, yayarki ta tafi." Wata biyu ke nan muna ganin ciwon yana cinki, Yaya Ladi, amma da yake ke ce ma'aikaciyar jinya, kullum kika ce mana da sauƙi sai mu yarda.

Ke kika tarbe ni ranar da na sauka New York a 1965, na biyo maigida da aka ba aiki a wani ofishi. Kin zo da rigar sanyi biyu, kina faɗa cewa kin san ƴan Wusasa, da zane da ɗankwali za mu zo wa ƙanƙara. Gidanku da namu hawa ɗaya ne tsakaninsu, a wani bene a titin Grand Concourse. A wajenki na koyi shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa, a wajenki na koyi tuƙa tuwo da garin da Turawa ke dama wa jarirai. Kin iya faɗa, Yaya, ba zan ɓoye ba don kin mutu. Amma ban taɓa ganin kin yi wa mutum faɗa kin bar shi da yunwa ba.

Kin san abin da na baro a gida. Ɗan farina yana hannun kakarsa tun da aka yaye shi, kamar yadda aka saba. Ban taɓa kiran sunansa ba, ban taɓa wasa da shi a gaban mutane ba. Haka uwata ta yi da yayana, kuma shigarmu coci ba ta cire mana wannan kunya ba. A 1969 sanƙarau ya ɗauke shi yana ɗan shekara goma sha bakwai, saƙon bai iso mu ba sai bayan an binne shi. Mutane suka zo gaisuwa, na dafa musu abinci, na ce mun gode Allah. Ban yi kuka ba. Uwa ba ta yi wa ɗan fari kuka a idon jama'a, ni kuma ko ni kaɗai sai na kasa. Shekara uku ina zuwa coci ina zama kamar kujera.

Da cocinmu ta shirya ziyara zuwa Ƙasa Mai Tsarki bayan Ista ta 1972, ke kika rubuta sunana ba tare da kin tambaye ni ba. Mu talatin da huɗu ne, ni da ke kaɗai ke jin Hausa. Kika cika jaka da yaji da kilishi, wai ba ki san me mutanen Urushalima ke ci ba.

Har gobe ina dariya in na tuna ki a bakin Kogin Urdun. Matan coci suna hawaye suna ɗaukar hoto, ke kuwa kika riƙe ƙugu kika ce, "Wannan ne Urdun ɗin? Ai Galma ta fi shi ruwa ko da rani." Amma ke kika fara cire takalmi kika shiga. A rijiyar Yakubu mai yi mana jagora yana ta bayanin yadda mutanen dā ke jan ruwa, kika karɓi igiyar kika nuna musu. Jakuna, tumaki, lungunan tsohon birni, mata da kaya a ka, duk abin da ya ba Amurkawa mamaki mu gida ya tuna mana. Kika ce ashe Ubangiji a wuri irin namu ya girma.

Rana ta shida aka kai mu Baitanya, kabarin Li'azaru. Muka sauka ta ƴan matakala masu santsi, muka fito muka tsaya a inuwa. Fastonmu, dattijo ne mai kirki, ya ce a nan Yesu ya kira matacce da sunansa, don haka kowa ya kira sunan nasa da ya rasu, a miƙa shi ga Ubangiji. Aka fara zagayawa. Ina jin sunaye suna matsowa. Na ƙetare teku na zo har nan, ga shi za a yi wa ƴaƴan kowa addu'a ban da nawa, don uwarsa ba ta iya buɗe baki. Da aka zo kaina na sunkuyar da kai. Fasto ya jira kaɗan, ya ɗauka ban yi rashi ba, ya juya ga na kusa da ni.

Sai na ji muryarki da Turancinki mai kauri: "Dakata, Fasto. Tana da nata." Kika kama hannuna, kika faɗi sunansa da ƙarfi, ke da kika riƙe shi ranar baftismarsa tun muna Wusasa. Sannan kika raɗa mini da Hausa, "Ke dai ce amin, ƙanwata." Na ce amin. Kukan shekara uku ya zo mini a wurin, gaban Turawa da direban mota, kika rufe ni da gyalenki har na gama. Ba ki yi wa kowa bayani ba, ba ki kuma taɓa ce mini al'adarmu ba ta da kyau ba.

Tun daga nan, duk shekara ranar rasuwarsa sai ki hawo gidana bayan kin tashi aiki, ko farar rigar ba ki cire ba, ki faɗi sunan, in ce amin, mu sha shayi. Shekara shida ba ki fasa ba. Yanzu ranar tana zuwa a watan gobe, kuma a duk birnin nan ba wanda zai hawo.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Malam Dikko, da ƴaƴanku Rifkatu da Ɗanjuma, da dangi a Wusasa, da maƙwabtanmu Musulmi da suka cika gidan ranar makoki. Ubangiji ya ba ku haƙuri, ya tsaya muku inda ta saba tsayawa. Ya ji ƙanki, Yaya Ladi, ya gafarta miki, ya hutar da ke har ranar tashin matattu.

Saura addu'a ɗaya, kuma ba ni da wanda zan ara wa baki. Na daɗe riƙe da alƙalamin nan kafin hannuna ya yarda. Ya Ubangiji, ka ji ƙan baiwarka Ladi, ka ji ƙan ɗana Irmiya. Amin.

Saratu Jibrin
Bronx, New York