Glenys Trevaskis da Ƙusoshin Kurom

Haihuwa da karatu

An haifi Glenys Trevaskis a shekarar 1941 a garin Kadina na Kudancin Ostareliya, 'ya ta biyu ga Wilfred Trevaskis, mai gyaran tukunyar jirgin ƙasa, da matarsa Ida, mai gasa burodi. Ta yi firamare da sakandare a garinsu, sannan a 1959 ta tafi Adelaide nazarin ilimin ƙarafa, inda ta kasance mace tilo a ajinsu, lamarin da bai taɓa hana ta barci ba.

Aiki

A 1963 ta kama aiki a wani ɗakin gwajin ƙarfe a Port Pirie. Aikinta shi ne ta ɗaura ƙusa mai noti a na'ura, na'urar ta yi ta ja tana saki har ƙarfen ya gaji ya karye. A nan ta tabbatar cewa karayar ƙusa mai ƙarfi daga fatarta take farawa. Wadda aka yi wa luguden ƙananan ƙwallayen ƙarfe har fatarta ta matse takan daɗe ƙwarai, sai dai takan fito toka-toka, ba kyan gani. Wadda kuwa aka tsoma a ruwan kurom, wato farin ƙarfen da ake shafa wa kaya don ado, takan fito tana walƙiya kamar azurfa, alhali rufin cike yake da tsagar da ido ba ya gani, kuma ta nan ajalinta ke shiga.

Aure da 'ya'ya

To, cikin dukan mazan Port Pirie, wa ta aura a 1966? Stavros Kalaitzis, mai shagon shafa kurom! Mutum ne mai fara'a da yawan kyauta, kuma kyautarsa iri ɗaya ce: duk wanda ya ƙaunata sai ya tsoma masa wani abu a kurom. Cokulan gida, mariƙin ƙofa, ƙararrawar keken maƙwabci, babu wanda ya tsira. Ita tana kiransa Sarkin Ƙyalli, shi yana kiranta Gimbiyar Toka, suka zauna lafiya a haka. Sun haifi Despina a 1967, Lyndon a 1969, sai Thea a 1973.

Ranar tsere

A watan Nuwamban 1988, Lyndon, yana da shekara goma sha tara, ya shirya shiga tseren motoci karo na farko a filin ƙasa da ke bayan gari. Uban, don tsananin so, ya kwance ƙusoshin da ke riƙe da tayoyin motar a ɓoye, ya shafa musu kurom, ya mayar. Glenys ba ta gani ba sai da ta kai musu abincin rana a filin, ana gab da kiran motoci. Ta ajiye kwandon, ta hau kan bonet ɗin motar ta zauna.

"Mama, don Allah sauka, mutane na kallo!" in ji Lyndon.

"Su kalla. Ai ubanka don a kalla ya yi."

Stavros ya matso yana dariya. "Haba Gimbiyar Toka, yau ma? Duba fa yadda ƙusoshin suka yi kyau."

"Sun yi kyau, Sarkin Ƙyalli. A wace kwanar hanya kake so tayar ta fita, yaron yana ciki?"

Ta rantse ba za ta sauka ba sai an sa masu launin toka. Kafin a samo su a ɗaura, an tashi tseren babu shi. Lyndon ya yi fushin da bai taɓa yi ba, ya daina yi mata magana, ita kuwa ko a jikinta.

A makon da ya biyo baya ta kai uba da ɗa ɗakin gwaji, ta ɗaura masu ƙyalli a na'ura ɗaya, masu toka a ɗaya. Masu ƙyallin suka riƙa karyewa ɗaya bayan ɗaya, 'yan uwansu ko gezau. Stavros ya ɗauki guntun da ya faɗo, ya dubi ɗansa, sai hawaye.

Shekarun baya

A 1989 Stavros ya sayi na'urar luguden ƙarfe ya kafa a shagonsa, ya kuma daina karɓar ƙusa mai ɗaukar nauyi don kurom, ko ta wane ne. Cokula dai bai ƙyale su ba. Lyndon ya yi shekara goma sha biyu yana tsere, bai taɓa zuwa na ɗaya ba, uwar kuma ta ce hakan ya ishe ta. Ta yi ritaya a 2001, Stavros ya rasu a 2011.

Rasuwa

Glenys ta rasu a gidanta a watan Mayun 2019, tana da shekara saba'in da takwas, bayan gajeriyar jinya. An yi mata addu'a a cocin unguwarsu, aka binne ta kusa da mijinta a maƙabartar Port Pirie. Ta bar jikoki bakwai da 'ya'ya uku: Despina, malamar makaranta a Whyalla, Thea, ma'aikaciyar jinya a Adelaide, da Lyndon, wanda ya ɗauki akwatin gawarta a sahun gaba, yana da shekara hamsin, da furfurarsa, yana tafiya da ƙafafunsa biyu.